Wasiƙun Inna Suna Cikin Durowar Ofishinku

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin fata da ƙiraga da nake yi wa aiki a nan Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, ni ne Isiyaku, akawunka na sashen awo, wanda kuka tura ofishinku na Hambog a ƙasar Jamus. Sau uku ina zuwa ƙofarka tun da na dawo. Na farko aka ce kana rangadi, na biyu kana taro, na uku aka ce in rubuto. To ga shi na rubuto, amma a jarida, domin yanzu na san abin da kan sami takarda idan ta shiga ofishinmu.

Na ɗaya. Kafin in tafi, ofishinka ne ya ce iyalina su riƙa kawo wasiƙa a sa a jakar kamfani mai tafiya kowane mako, tawa ma ta biyo jakar. Mahaifiyata, Inna, tana Unguwar Dosa, ba ta da akwatin gidan waya kuma ba ta karatun boko. Maƙwabcinta Malam Ilu ne ke rubuta mata da ajami, shi ke karanta mata, don ba ta son 'yan makaranta su ji sirrin gidanta. Saboda haka ni ma da ajami nake rubuta mata. Wata goma sha ɗaya na yi a can, ban sami ko layi ɗaya daga gare ta ba.

Na biyu. Bari in ba ka labarin ofishin can, tunda ba ka taɓa zuwa ba. Mu tara ne a ɗaki ɗaya, bakinmu bakwai. Ga Jamusawa, ga Ba'indiye mai hana mu buɗe taga, ga Kwara ɗan Beirut da ke faɗa da tarho da Larabci ya ƙarasa da Faransanci, ga ɗan Turkiyya, ga ɗan Senegal da muke sallar Azahar tare a bayan tulin fatu. Kullum sai an yi musu a kan yaren da za a yi taro da shi, kuma kowa yana ƙyamar warin abincin ɗan'uwansa. Amma ranar da jakunkuna suka iso daga rassan kamfani na ƙasashen kowa, sai ɗakin ya yi tsit. Ba'indiye ya karɓi wasiƙarsa mai rubutu kamar an shanya tsumma a igiya, Kwara ya karɓi tasa, babu mai tambayar wani me ta ƙunsa. Ni kuwa sai in tsunduma kaina cikin takardun awo. Har Ba'indiyen nan ya fara tambayata ko ni maraya ne, yana ba ni alewar da uwarsa ta aiko masa. Na ci, ina jin kunya.

Sau biyu na bugo waya ofishinka ina tambaya, aka amsa cewa jaka tana tafiya daidai. Malam Ilu ma ya tako kekensa ya zo ya tambaya, aka ba shi wannan amsar. Ba zan ɓoye nawa laifin ba, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Inna ba ta so tafiyata ba tun farko, sai na ɗauka fushi ne take yi, na ce bari in jira ta huce. Ita kuma ta ɗauka ƙasar Turawa ta cinye mata ɗa.

Na uku. Ranar da na sauka, na shiga gida da tsaraba. A ciki akwai agogon hannu da na saya wa Kawu Bala, yayan Inna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya sa ni makaranta. A tsakar gida, gaban mata 'yan barka da zuwa, na fito da agogon ina dariya ina tambayar ina Kawu. Ranka ya daɗe, Kawu ya yi wata bakwai a kabari. Inna ta sa an rubuta mini ranar da ya kwanta, da ranar da ya cika, da ranar sadakar arba'in, kuma ba ta ga ta'aziyyata ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar nan ba.

Na huɗu, kuma nan ne haushina yake. Washegari na je wurin Malam Tanimu, akawun rajista. Bai ko yi gardama ba. Ya jawo durowar ƙasa, ga wasiƙu dami biyu an ɗaure da jan zare, nata goma sha huɗu, nawa tara, an rubuta a kai wai suna jiran fassara. Ashe Baturen da ka gada ya bar doka cewa duk takardar da za ta bi jaka sai an duba ta, kuma sai da rubutun da manaja ke iya karantawa. Bature ya koma ƙasarsu, mu muka zauna muna gadin dokarsa. Kai ka yi makarantar allo, ranka ya daɗe. Tanimu ma ya yi, da idona na sha ganinsa yana rubuta lissafin goronsa da ajami. Da na tambaye shi me ya hana shi karantawa, sai ya ce fassara ba ta cikin aikinsa. Da na miƙa hannu zan ɗauka, sai ya ce sun riga sun shiga rajista, ba sa fita sai da sa hannunka. Wannan wace irin masifa ce? A Hambog arna ba su tsare wa kowa wasiƙar uwarsa ba, sai a Kaduna, tsakanin Musulmi 'yan gida.

Na gaya wa Inna duk wannan. Ba ta yarda ba, kuma ban ga laifinta ba. Wa zai yarda cewa Bahaushe ya tsare takardar ajami wata goma sha ɗaya don wai bai gane ta ba?

Roƙona uku ne. Ka sa hannu a ba ni wasiƙun nan a cikin makon nan. Ka soke dokar, domin an riga an zaɓi wanda zai maye gurbina a can, kuma shi ma yana da uwa. Na ƙarshe, ka sa Malam Tanimu ya ɗauko damin da hannunsa ya kawo Unguwar Dosa, ya faɗa wa Inna da bakinsa inda suka kwana, Malam Ilu ya karanta mata nawa ɗaya bayan ɗaya. Ban nemi a kori kowa ba, ban nemi diyya ba.

Ka san al'adarmu. Ni ɗan fari ne, shekara talatin da huɗu Inna ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce wancan, ko mai gidan nan. Tun ranar da na dawo, idan na durƙusa gaishe ta da safe, sai ta dube ni ido cikin ido ta amsa da Malam Isiyaku, kamar yadda take amsa wa baƙo. Ta tsufa, ƙafafunta sun fara kumbura, kuma ina tsoron ta koma ga Allah tana kirana da suna.

Allah Ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, Ya ba ka ikon yin adalci. In mahaifiyarka tana raye, Allah Ya sa ku rabu lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isiyaku, akawun awo,
Unguwar Dosa, Kaduna.