Tukunyar Goggo Dinah

Asabar, 4 ga Agusta, 1787
Yau ma mun zuba ƙasa a titin majalisa, don kada ƙarar keken doki ta dami manya. Duk zafin Filadelfiya, nan Amurka, sun kulle tagogi, wai suna tsara mulkin ƙasa, an hana su faɗin ko kalma. Goggo Dinah mai romon tumbi ta ce, "Sori, kai da ke gindin taga, me suke ƙullawa?" Na rage murya na ce, "Tsohuwa, sun rubuta duk bawan da ya gudo ya zama ɗa." Don ta ƙara min nama ne kawai. Ta ƙara, har da guringuntsi, tana rufe fuska kamar mai dariya.

Lahadi, 12 ga Agusta
Ashe ba dariya ta yi ba. Kuka.

Talata, 21 ga Agusta
Na yi zaton 'yantacciya ce irina. Ashe baiwa ce, daga gonar shinkafa a Karolina, can Kudu, ta gudo. Yau a tsakiyar kasuwa ta ce, "Daga yau Juba nake, sunan da uwata ta sa min!" Tana tare ma'aikatan jiragen ruwan Kudu, ko sun san 'yarta da ta baro can. Na buɗe baki in ce wasa nake, ta ce, "Ci, ɗan albarka." Na ci.

Laraba, 19 ga Satumba
An buga tsarin a jarida. Ni ban san baƙinsu ba, karatuna na allo ne tun ina ƙasarmu Futa, sai Cuffee wanzami ya karanta mana. Bawan da ya gudo, in ubangidansa ya nema, a mayar masa. Goggo ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Ƙila tagar ce ta yi kauri." Gara da ta mare ni.

Juma'a, 21 ga Satumba
Cuffee ya kai Goggo ta ɓuya wurin 'yan'uwansa a bayan gari.

Litinin, 1 ga Oktoba
Ni ke zama gaban tukunyarta. Wani Bature mai harshen Kudu ya zo yana cigiyar Juba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai zazzaɓi ya tafi da ita, da hannuna na haƙa kabarin." Ya tafi. Ban taɓa shirya ƙaryar da ta zauna haka ba, ban kuma ba kowa labari ba.

Romon da na dafa bai ji gishiri ba. Gobe in je in tambaye ta yadda take yi.