Tulunan Zaɓe na Makarantar Kwali

Kwali, ta Abuja,
12 ga Oktoba, 1975.

Zuwa ga 'yata, mai sunan uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Kyaftin da ƙananan yara, kamar yadda muke a nan, ban da gwiwata ta hagu wadda ba ta shiri da ƙarshen damina.

Bayan haka, akwai kuskure biyu a takardarki. Kin ce juyin mulkin watan Yuli shi ne na biyu a ƙasar nan. Na uku ne. Kin kuma ce tun da ba a zubar da jini ba, babu wanda ya cutu. Wannan ban yarda da shi ba, kuma ga dalilina.

Ɗanki Bappayo, abokina da nake riƙo, yana shekara goma sha ɗaya bai taɓa ganin babban mutum ya jefa ƙuri'a ba. Zaɓen da ya sani shi ne wanda na kafa a makarantarmu tun ina hedimasta, bayan kin tafi makarantar 'yan mata. Asibi maginiya takan gina mana tuluna masu ƙaramin wuya, yadda hannu ba zai shiga ba. Kowane ɗan takarar shugabancin ɗalibai yana da tulunsa a bayan zana. Kowane yaro a ba shi ƙwallon tsamiya guda, ya shiga shi kaɗai, ya jefa inda ya ga dama. Sannan a juye a kan tabarma, a ƙirga a gaban kowa. Ko da na yi ritaya, ni ake kira in tsaya a kan ƙirgar.

Bana Bappayo ya tsaya, Hansatu 'yar Jacob manomin doya ta kayar da shi. Ya zo yana cewa ni na haɗa baki da budurwata Hansatu, na ce ai ta fi shi iya lissafi da wanka. Muka yi dariya, magana ta wuce.

Sai ga hular soja da maigidanki ya aiko masa. Tun daga ranar yaron ya sake. Yana tara samarin ajinsa a bayan ɗakin ajiyar fartanyu, in na doso su yi tsit. Ina zargin sabon malami, Malam Enoch, wanda ya yi yaƙi kafin ya kama alli, domin shi ke koya musu fareti. Ina sa masa ido.

Ki duba bakin ambulan ɗin nan. Naki ya iso da alamar an liƙa shi sau biyu.

Ni ne mahaifinki,
Maude Wakili.

Kwali,
7 ga Disamba, 1975.

'Yata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina sanar da ke abin da nake tsoro ya auku, ko da yake na ga alamar labarin ya riga takardata isa wurinku a Kaduna.

Ranar Litinin, ana shirin taron safe, Bappayo da yaransa suka fito da bindigogin karan dawa. Suka ƙwace ƙarfen da ake bugawa a shiga aji. Suka tura Hansatu ɗakin fartanyu suka sa sakata. Ɗanki ya hau benci da hularsa, ya daddage murya irin ta rediyo, ya ce ya karɓi mulki domin ceto makaranta daga lalaci, kowa ya tsaya inda yake. Sannan ya sa aka fito da tulunan, aka farfasa su a gindin tuta.

Abin da ya fi ci mini rai ba yaran ba ne. Hedimastan yanzu dariya ya yi har da riƙe ciki. Malam Enoch da nake zargi, shi kaɗai ya ruga ya buɗe wa yarinyar. An ce ya yi ta faɗa wa malamai da Hausarsa ta bariki cewa shi ya ga inda wannan wasa yake ƙarewa, ba wurin dariya ba ne. Na janye zargina a kansa, na kuma je na gaya masa.

Hedimasta ya bar Bappayo a kan shugabanci. Hujjarsa ita ce yanzu babu mai makara, fili kuma a share yake. Gaskiya ne babu mai makara, domin ana dukansu da kara a bakin ƙofa. Na ce masa wannan hujjar na ji ta a rediyo sau uku, ba ta ƙara kyau a bakinsa ba. Hansatu kuwa ba ta sake zuwa ba, ga jarrabawar shiga sakandare tana matsowa.

Jiya direban motar kasuwa ya kawo mini saƙon maigidanki: wai ya ji jarumtakar yaro, zai aiko mota bayan hutun Ista a kai shi makarantar horon soja ta yara. Wa ya gaya masa? Ni ban rubuta ba. Na lura dai hedimasta ya daɗe yana neman a mayar da shi birni, kuma kwanan nan yana yawan tambayata lambar gidanku.

Ba na ƙin maigidanki, kuma aikin soja aiki ne. Amma yaron da aka tafa wa don ya kulle wadda ta kayar da shi, in aka ɗora masa bindigar gaske a kan wannan darasi, ban san wanda za a dawo mana da shi ba. A duk saƙon ban ji bakinki ba. Ke me kika ce?

Mahaifinki,
Maude Wakili.

Kwali,
14 ga Maris, 1976.

'Yata, mai sunan uwata,

Ina gaishe ki, ina kuma yi wa Allah godiya da jin cewa binciken da ake yi wa hafsoshi bai shafi maigidanki ba. Wannan takarda ba ta gidan waya za ta bi ba. Margaret ungozoma za ta ba ki hannu da hannu, kuma ke nake so ki fara karantawa.

Ranar Juma'ar da aka kashe shugaban ƙasa a Ikko, da rediyo ya kama kiɗan soja, abokina ya ƙi cin abinci. Ya zauna kusa da ni yana tambaya ko irin su babansa ake harbewa. Ban yi masa ƙarya ba, na ce ban sani ba.

Mako bai zagayo ba sai James mataimakin Bappayo, wanda ya fi shi ƙarfi, ya tare shi a bakin rijiyar makaranta da yaran nan dai, da karan nan dai. Suka fasa masa leɓe, suka cire hular, James ya hau bencin. Hedimasta bai yi dariya ba wannan karon, amma ya bar James a kan shugabanci.

Bappayo ya zo yana kuka, wai in je in ƙwato masa haƙƙinsa. Na wanke masa baki da ruwan gishiri. Sannan na tambaye shi wane haƙƙi, kuma wa ya ba shi, domin in san abin da zan faɗa in na je. Ya tashi ya fita. Kwana biyu ba ya yi mini magana.

A rana ta uku Asibi ta aiko a tambaye ni ko da sanina jikana yake ɗaukar mata yumɓu daga rafi. Ta ce ya zo neman tuluna, ta ce masa wanda ya fasa ba ya saye da baki, sai ya taka ƙasa. Ya yi ta taka mata yumɓu har ƙafafunsa suka tsage. Malam Enoch ya tsaya wa maganar a gaban malamai, aka sa ranar zaɓe. James ya yarda domin yana ganin zai ci.

Bappayo bai tsaya ba. Ya ajiye tulu da sunan Hansatu, alhali ba ta nan, kuma tulunta ya rinjaya nesa ba kusa ba. Ni na ƙirga, sau biyu.

Muka tafi gidan Jacob tare, yaron ya durƙusa ya ba da haƙuri. Jacob ya karɓe mu da mutunci, amma ya ce an sanar a rediyo cewa yankin nan namu zai zama babban birnin ƙasa, ba wanda ya tambaye shi game da gonarsa. An kulle 'yarsa, ba wanda ya tambaye shi. To, ita dai zai ajiye ta inda idonsa yake. Ya ce zai yi tunani in ya gama saran kunyar doyarsa. Har yau bencinta babu kowa, jarrabawa kuma saura kaɗan. Wannan ita ce cutar da kika ce ba a yi ba.

Yanzu saura maganar mota. Na tambayi yaron, ya ce yana so ya ƙare shekararsa a nan, amma yana tsoron gaya wa babansa. Ba zan ɓoye shi ba, ba zan tare ƙofa ba. In na yi haka na zama James mai furfura. Ra'ayina kin san shi. Na maigidanki ma kin sani. Naki ne ba a ji ba, kuma na tuna ko lokacin da ake zaɓe a ƙasar nan ba a ba matan Arewa ƙuri'a ba, ni kuma ban taɓa tambayarki ba kafin in yanke miki wani abu. Yanzu ina tambaya.

Ki gai da yara. Ga abin da na haɗo a cikin ƙunshin:

Hular soja ɗaya, wadda James ya mayar, an wanke an goge. A ba mai ita.

Katangar tulu ɗaya daga waɗanda aka fasa, domin Kyaftin ya ga jarumtakar da idonsa.

Ƙwallon tsamiya guda. Naki ne. In kina so yaron ya zauna, ki ba Margaret ta dawo mini da shi, ki kuma gaya wa maigidanki da bakinki. In ba ta kawo komai ba, zan wanke masa kayansa in jira motar.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Maude Wakili,
tsohon hedimasta.