Askin Tunkiyar Ambrose

Hausari, Maiduguri
Mayu 1967

Aminina Ambrose,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Eucharia da yara. Yaya Gabas? Tun da kuka tafi bara, ko layi ɗaya ban samu daga gare ka ba.

Tunkiyarka mai ulu, wadda Baturen dabbobi ya bar maka, kai kuma ka bar mini amana, tana nan da rai, amma da ƙyar. Ka tuna yadda duk bazara kake kwantar da ita gindin darbejiyar ƙofar shagonka, ka ɗauko almakashin ɗinki? Ina tsokanarka da wanzamin tumaki, kana hura hanci kana cewa sunan aikin shearing, ba aski ba ne. Na ɗauka iyayin Turanci ne kawai. Wallahi ina kewar wannan gardama.

Da zafin bana ya tsananta, na ga tana haki, sai na kira Babakura wanzami. Ya jiƙa ta, ya wasa aska, ya yi mata ƙwal kamar kan jariri ranar suna. Mu da tumakinmu ba su da ulu, ina muka sani? Kafin la'asar rana ta gasa mata baya, fata ta yi ja ta ɗuri ruwa. Sai lokacin na gane nufinka: a rage da almakashi, a bar mata abin kare rana.

Yanzu matata Falmata tana shafa mata man shanu, ta kuma ɗaura mata tsohon zanenta. Yaran unguwa suna kiranta amarya. Ka yi dariyarka, na yarda.

Naka,
Ba'ana

Agusta 1967

Ambrose,

Ina gaisuwa, da fatan Allah ya tsare ku. An ce wasiƙa ta daina isa wajenku saboda yaƙi, amma zan rubuta.

Tunkiya ta warke, ulu ya fara tsirowa. Jiya Falmata ta ce in sayar da ita, wai kafin wata bazarar ba mai yi mata gyara. Na ce ba tawa ba ce, mai ita zai zo ya yi da hannunsa. Ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

Ban sayar ba, Ambrose. Kada ka sa in zama maƙaryaci.

Amininka,
Ba'ana