Abin da Ɗanliti Ya Yi wa Motar Malam

Zuwa ga Yayana Badaru, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Zakiyya da yara. Allah ya ba ka sauƙin idon nan da aka ce yana damunka, ya sa albarka a kasuwa. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ɗan ƙarfinta, sai dai gwiwa. Damina ta yi kyau, an yanke gero, gyaɗa tana shanye. Ni kuma na fita takaba ranar Talatar makon jiya. Har yanzu idan na dama kunu da safe sai in ga na ɗauko kofin Malam, in tsaya riƙe da shi ban san abin da zan yi ba. Ka ci gaba da sa shi a addu'a.

Yaya, na zaɓi rubutu ne domin duk sanda ka kira a waya akwai mutane zaune a kaina. Maganar motar Malam ce, a-kori-kurar nan fara. Ka san dalilin sayenta. Ɗana Fatihu tun yana shekara biyu shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu, ba ta da ƙarfin taka komai. Shi ya sa babansa ya yi kusan shekara yana sintiri zuwa Kano har ya samo otomatik, wadda take canja giya da kanta, birki da totur kawai, ƙafar dama ta ishi mutum. Mutanen garin nan sun yi ta yi masa dariya, wai ya sayo motar mata. A filin firamare ya koya wa Fatihu tuƙi, kuma shekara uku ke nan yaron yana kai kayan mutane kasuwar Zakirai da Minjibir, bai taɓa buge ko kaza ba. Da motar nan ya fara ɗaga kai cikin samari, har aka fara yi masa maganar aure.

Ranar da aka yi rasuwa, Ɗanliti ƙanen Malam ya karɓi makulli domin a riƙa ɗauko tabarmi da baƙi, tunda Fatihu yana zaman karɓar gaisuwa. Ba wanda ya ga laifin hakan. Aka yi uku, aka yi bakwai, makulli bai dawo ba. Kullum sai ya ce a bar yaro ya huta, zuciyarsa ba ta kwanta ba tukuna. To wata safiya motar ta ƙi tashi a ƙofar gidansa. Ya tara maza wajen goma suka yi ta tura ta har bakin rijiya, suka juyo da ita, suna haki, ba ta ce uffan ba. Ashe irin wannan mota ba a tura ta ta tashi, kuma kan batir ne kawai ya yi datti, abin da Fatihu yake gogewa kafin a gama dumama tuwo. Da ya aiko an tambaye shi, da shi ke nan. Amma an yi wa Ɗanliti dariya a gaban jama'a, sai ya rantse wai motar da ba a tura ta ba motar ƙauye ba ce. Ya sa aka ja ta zuwa Zakirai wajen wani bakanike, Kamaru, ya ce a cire mata giyabos a sa na hannu.

Ni ina ɗaki ban san komai ba, an ce mini gyara ake yi. Bayan sati biyu na ji ƙarar mota daga bayan katanga, amma ba muryarta ba ce, wata irin ƙara ce kamar ana niƙa tsakuwa. Da azahar Fatihu ya shigo ya wuce ɗakinsa, abincinsa ya yini a rufe. Ƙanwarsa Sakinatu ce ta faɗa mini abin da ya faru. Wai Baffan nasu ya miƙa masa makulli a gaban mutanen da ke zaune a gindin darbejiya, ya ce ga mota nan ta zama ta maza, ya shiga ya gwada. Yanzu abu uku ake takawa, na ukun kuloci ne, kuma da hagu ake taka shi. Fatihu ya sa hannu ya danna gwiwarsa don ƙafar ta kai, motar ta yi tsalle ta mutu. Sau uku yana gwadawa. Wani daga cikin zaunannun ya ce a ɗaura masa taɓarya a ƙafar. Sai ya fito ya ajiye makullin a kan kujera ya taho gida. Yaya, ina cikin takaba, ba halin in fita. Aika na yi a kira mini Ɗanliti, ya tsaya daga zaure yana ce mini gyara ya yi mana, ba a gode masa ba ma sai a tuhume shi, kuma me mace ta sani a kan mota.

Ranar da na fita, mata suna jira in zaga dangi in yi godiya, ni kuwa ƙofar gidan Ɗanliti na nufa. Na leƙa cikin motar. An yanke ƙasanta da wutar walda kamar an fasa gwangwanin kifi, an cusa sandar giya a ramin, an toshe gefen da tsohon tiyub na taya. Ta nan ƙura da hayaƙi suke shigowa. Shimfiɗar da Malam ya sa ta ƙone rabi. Wayoyi suna reto a ƙarƙashin sitiyari, an ɗaure su da leda. Kulocin a karkace aka liƙa shi. Ga tofin goro ya bushe a jikin ƙofa, ga kashin awaki a baya, ga ɓawon rake ko'ina, motar da Malam yake wankewa da hannunsa duk Juma'a. Na tsaya ina kallo, ban yi kuka ba, ƙyama ce ta hana ni.

Washegari na hau mashin na tafi Zakirai. Na tarar da tsohon giyabos ɗin an jefar da shi a bayan katangar gareji, inda maza suke zagayawa su yi fitsari. Sai da na toshe hanci da mayafi. Kamaru ya ji kunya, ya ce giyabos ɗin lafiyarsa ƙalau, shi ma ya gaya wa Ɗanliti haka tun farko bai saurara ba. Ya ce za a iya mayar da shi idan tsatsa ba ta shige shi ba, amma shi ba zai taɓa motar ba sai wanda ya kawo masa aikin ya ce, ba ya shiga rigimar gida. Na sa aka ɗora mini shi a adaidaita na taho da shi. Ni da Sakinatu muka wanke jikinsa da kananzir. Yanzu haka yana ɗakina a kan buhu, na lulluɓe shi da tsohon zani.

Abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne na shekaranjiya. Ɗanliti ya ce tunda yaro ba zai iya tuƙi ba, shi zai riƙa ja, Fatihu ya riƙa bin sa yana lura da buhuna. Kuma Fatihu ya yarda, don kunyar Baffa da gudun a ce ba shi da tarbiyya. Da idona na gan shi a baya a kan buhunan gyaɗa, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, an ɗauki fasinja an sa a gaba. Mutum mai shekara ashirin da shida, a motar ubansa. Da suka dawo da la'asar Ɗanliti ya shiga masallaci ya bar makulli a jiki, sai na je na zare shi. Yana ƙulle a bakin zanina. Yanzu gari ya ɗauka wai baƙin ciki ya taɓa mini kai. Su faɗa.

An sa zaman dangi ranar Juma'a ta sama a kan maganar. Ka san yadda ake yi, ni daga bayan labule zan ji, Fatihu kuwa kansa a ƙasa zai zauna har a tashi. Ba na so ka aiko mini da komai. So nake ka kira Ɗanliti kafin ranar, yana jin nauyinka, kai ka ba da aurena ga yayansa. Ka ce masa ya je da ƙafarsa ya gaya wa Kamaru a mayar da abin da aka cire. In kuma ya ƙi, to ka sani tun yanzu don kada ka ji a bakin wani: makullin nan ba zan bayar ba. Gyaɗarmu ta tafi kasuwa a amalanke, motar ta ruɓe a inda take, amma ɗana ba zai sake hawa bayanta ba.

Ka gaida mini Yaya Zakiyya, da Muhammad Auwal da Huseina, da jaririyar da ban gani ba tukuna. Inna tana gaishe ku, Sakinatu ma haka. Fatihu bai san na rubuto ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare ku a inda kuke.

Ƙanwarka,
Aina'u