Ram Ɗin Kwamfutar Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali, ya ƙara wa Inna sauƙi, ya buɗa maka kasuwar ɗinki. Ni ma lafiyata ƙalau, sai dai kewa, ita kuwa ba a sayar da maganinta a kyamis. Na ji 'yar ƙaramarka ta fara tafiya har tana jawo maka zare daga kan keke. Allah ya raya ta. Ban taɓa ɗaukarta ba, amma na san muryarta.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ma fahimtar juna, ga yankewar layi, ga ƙarar kekenka. Takarda kuwa za ka iya shimfiɗa ta kusa da kwamfutar ka bi a hankali. Ka san tun da idon Inna ya fara rauni ba ta ganin fuskata a waya, sai a babban gilashin kwamfutar nan ta ɗakinta. Tun da kwamfutar ta daina tashi, sai kuka take yi ƙit-ƙit gilashin yana baƙi, ban sake ganin Inna ba, ita ma ba ta gan ni ba. Mai gyaran bakin layinku ya yi gaskiya da ya ce ram ne ya mutu, wato ɗan siririn katakon nan kore mai kama da matsefi. Amma da ka ce wanda ka sayo a kasuwa ya ƙi shiga, kuma kana tunanin ka ɗan rage shi da magagari, sai da na ajiye abincin da ke hannuna. Yaya, don Allah kada ka yi. Na san a sana'arka abin da ya yi yawa rage shi ake yi, amma wannan ba hannun riga ba ne.

Ga yadda abin yake. Ram iri-iri ne, kuma babban allon da ke cikin kwamfutar, wanda masu gyara ke kira madabod, iri ɗaya kawai yake karɓa. Ka zare wayar wuta tukuna, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka, sannan ka danna 'yan maƙalan nan biyu na gefen gurbin, tsohon ram ɗin zai ɗago da kansa. Ka riƙe shi ta gefe. A ƙasansa akwai haƙora masu ruwan zinare, a tsakaninsu akwai wushirya guda. Ka ɗora sabon a kan tsohon kamar yadda kake ɗora yadi a kan yadi kafin yanka. Idan wushiryar ba ta hau kan 'yar'uwarta ba, to ba dangi ɗaya ba ne, kuma ko ƙato ka kira ba zai shiga ba, sai dai ya fasa gurbin. Ka kuma karanta 'yar takardar da ke manne a jikinsa. Idan ka ga PC3, sunansa DDR3, idan PC4 ne, DDR4. Sau da yawa an rubuta sunan a kan allon ma, dab da gurbin, da ƙananan haruffa. Ina zaton taku mai uku ce, mai kasuwa kuma ya ba ka mai huɗu. Idan ka koma wurinsa, kada ka karɓi gajere, na kwamfutar cinya ne. Kada kuma ka karɓi wanda lambarsa ta ƙare da harafin R, na manyan injinan ofis ne, zai zauna daram amma kwamfutar ba za ta tashi ba.

Aikina ke nan a nan, Yaya, tun safe har a tashi. Katafaren sito ne da ake farfasa tsoffin kwamfutoci, ni kuma ina zaune a teburin ƙarshe ina ware ram cikin kwanduna. Kowa da abin toshe kunne saboda ƙara, kuma ba mai jin yarenmu. Wani lokaci nakan kai yamma ban ce uffan ba, har in na buɗe baki in gai da mai shagon ƙasan gidanmu sai in ji muryata ta dushe. Wanda nake ɗan hira da shi wani dattijo ne da nake kira Mai Tabarau, shi ya koya mini aikin, rabi da baki rabi da nuni. Da na ba shi labarin Inna, sai ya je da kansa ya roƙi shugaban sashenmu, aka ba ni guda biyu masu uku, da ɗaya mai biyu ko da taku ta fi yadda nake zato tsufa. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan injinsa, ya naɗe su a leda, ya ce in gai da tsohuwa. Wannan ne aikinsa na ƙarshe a sito, ya yi ritaya ya koma wurin 'yarsa a wani gari. Yanzu kujerarsa an ɗora mata kwali. Ram ɗin nan uku su ne a cikin ƙunshin da direban nan abokin Kawu zai kawo maka tare da takardar nan. Wanda wushiryarsa ta dace, ka daidaita shi ka danna gefe biyu har ka ji ƙas.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka gaya wa Inna sai ka ga gilashin ya kawo haske. Matarka ta faɗa mini cewa ranar da ka sayo wancan, Inna ta sa zanenta mai kyau ta zauna gaban kwamfutar tun hantsi, kana ta fama tana jira, daga baya ta tashi ta ninke zanen ta mayar akwati. Ba na so a sake. Likita kuma ya ce maka idon ba sauƙi yake samu ba, don haka kada ka bari sai ka gama ɗinkin mutane, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ranar hutuna zan zauna bakin taga in kira ku ta kwamfutar, nan ne haske ya fi, ka matso wa Inna da kujera sosai.

Ka gai da Kawu da Gwaggo, ka gai da matarka da godiya bisa ɗawainiyar da take yi da Inna, ka shafa mini kan yara. Da muka yi waya da Inna ta ce daga muryata ta ji na rame, na ce a'a, ta ce sai ta gani da idonta. Na rame kam, Yaya. Amma gara ta gani ta yi mini faɗa.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Auta