Sunan Baba a Bakin Inna

Barking, Landan
Farkon Oktoba

Yaya Almu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Ummi da yara. Ya gwiwar taka, ko har yanzu kana gardama da likita? Mu nan alhamdulillahi, idon Inna da aka yi wa aiki yana ta washewa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda na rubuta na ɗauko maka hotonta. Bangon flat ɗin nan bai fi kwali ba, kuma ka san kunnen Inna, ko raɗa na yi a waya sai ta ji.

Ga abin da ke tafe da ni. Akwai wata ƙungiya a nan ta 'ya'ya da jikokin 'yan mazan jiya, mutanenmu na Najeriya da Gana da Gambiya da Saliyo da suka yi wa Ingila yaƙi a dajin ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu. Ƙawata Kachollom, 'yar Jos ɗin nan da muke aikin jinya tare, ita ta ja ni. Bana sun samu a saka su cikin taron tuna sojoji na watan Nuwamba a wani lambu kusa da mu. Kowane gida zai tashi mutum guda ya kira sunan sojansa da ƙarfi a lasifika, kafin a yi shirun girmamawa da Turawa ke yi da ƙarfe goma sha ɗaya daidai.

Wallahi da na ji, sai Baba ya faɗo min. Ka tuna yadda yake goge lambobinsa na yabo da toka da lemon tsami, yana cewa tun ranar da aka sallame su ba wanda ya ƙara kiran sunansa a fili, kamar ba su je ba? Har ya rasu yana wannan magana. Na ce to ga rana ta zo, ko da mai ita ba ya nan.

Sai dai na yi kwaɓa. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Issahaku, dattijo ne ɗan Kumasi. Da ya ji cewa matar Baba tana raye, kuma tana Barking, har miƙewa ya yi. Duk cikinsu ba wanda ke da uwa ko kaka matar soja da ta rage. Ya ce da Hausarsa mai mayar da kowa namiji, "Mama shi ne zai kira sunan mijinshi, shi ne na ƙarshe." Ni kuma uwar rawar kai na ce to, ba komai.

Sai a bas na tuna da wa nake magana. Inna fa! Matar da ko kai ɗanta na fari ba ta taɓa kama sunanka ba, balle na miji. Tun da muka buɗe ido "Kofur" muke jin tana ce masa, ko "shi". Da na gaya mata, ta dube ni da sabon idon nan nata ta ce ashe zaman Ingila har kunya yake cinyewa. Ta ce in nemi marar mafaɗi ta je ta yi, ita ba da ita ba.

Ka ba ni shawara, don ni kaina ya ɗaure. Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Karimatu

Barking
Ƙarshen Oktoba

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan an tashi lafiya. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Na ga amsarka, wai in ƙyale tsohuwa in kira sunan da kaina. Ai ba ka riga ni ba. Har na shirya zan gaya wa Alhaji Issahaku an yi cancel ɗin maganar Inna, sai ita da kanta ta tare ni a kicin. Ta tambaye ni wai da gaske Turawa za su tsaya su saurara? Na ce har da masu kaki. Ta ci gaba da tsince shinkafa, can ta ce bawan Allahn nan ya sha zazzaɓi da ciwon ƙafa a dajin mutane, ya dawo da kunne guda a toshe, kuma ita ce ta yi ta jinyar ragowar ciwon har ƙarshensa. Ta ce in dai sau ɗaya ne, za ta yi masa. Amma ta kafa min sharaɗi: kada in tsaya kusa da ita, kada in sa mata baki, don in ta ga idona ba za ta iya ba.

Yaya, tausayinta nake ji. Shekaranjiya na dawo daga shift na tarar da ita tsaye gaban taga tana motsa baki, da ta ji ni sai ta wayance da tasbihi. Abinci ma ta rage ci. Na ce mata in abin ya yi nauyi a bari, ta ce in kama gabana.

Ku taya mu da addu'a.

Taki, au, taka,
Karimatu

Barking
Nuwamba

Yaya Almu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar gida. Mu lafiyar jiki lau, zuciya ce dai ba daɗi. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta.

An yi taro ranar Lahadi. Sanyi kamar ya tsinke yatsu, amma jama'a sun cika lambun, kowa da jan furen tuna sojoji a ƙirji. Inna ta sa farin leshinta da babban mayafi, na maƙala mata lambobin Baba a dama, don an ce iyali a dama suke sawa. Na zauna can layin baya kamar yadda ta ce.

Aka fara kira. Kachollom ta tashi ta kira sojan gidansu, ta ce "Dalyop Rwang!" har tantabaru suka watse, hawaye na zubo mata. Mutanen Gana suka yi nasu, na Gambiya suka yi. Tsigar jikina sai tashi take. Amma ka san mu da jawabi, wani sai ya ba da tarihin kakansa tun daga kaciya. Kafin a zo kan Inna lokaci ya kusa cika.

Alhaji Issahaku ya kai ta gaban lasifikar ya koma. Ta tsaya. Sai na ga ta sunkuyar da kai, ta jawo gefen mayafi ta rufe baki, yadda take yi in suruki ya shigo. Muka kasa kunne. Ba abin da ya fito sai hucin iska. Baturen da ke gabatarwa, tsohon soja ne mai kirki, ya zaci kuka ne ya ci ƙarfinta. Ya dafa ƙirji ya rusuna mata, ya dubi agogo, aka busa bigila. Shirunsu na sha ɗaya ba ya jiran kowa.

Cikin shirun nan na yanke shawara, ana gamawa zan ruga in karɓi lasifikar in kira shi da kaina, ko za a ce ban da hankali. Ana gamawa kuwa na kutsa. Sai Inna ta juyo, fuskarta fayau kamar ta sauke tulu, ta kama hannuna, ta ce, "Kin ji ko? Na faɗa. Har da na mahaifinsa na haɗa."

Yaya, ta faɗa ɗin. A cikin mayafi ta faɗa, ita kaɗai ta ji. To ka gaya min, in na ɗauki lasifikar nan a gabanta me nake ce mata? Na ce mata na ji, Inna. Muka tsaya ana ajiye furanni, aka tashi, aka naɗe wayoyi. An kira sunan kowa a lambun nan ban da na Baba.

Baƙin ciki nake ji har wuya. Da na yi wa Alhaji Issahaku bayani tun farko, da na ce mu tsaya mu biyu, da ko a tsakiya aka sa ta ba a ƙarshe ba. Da-na-sani ƙeya ce. Shi ya ba ni haƙuri ya ce baɗi sai a sake, amma Inna ta riga ta ce irin wannan sau ɗaya ake yi a rayuwa, kuma gida take son komawa bayan an duba idon.

Tun ranar take cin abinci sosai. Ta kira Gwaggo a Zariya ta gaya mata an ambaci Kofur a Landan gaban Turawa, kowa ya yi tsit don girmamawa.

Ga roƙona. Ƙungiyar ta saka bidiyon taron, na san yaranka za su gani. Don girman Allah ka hana su tura mata. Gobe za ta kira ka, ta ce sai ta ji daga bakinka. In ta tambaye ka, ka ce ka ji, Yaya. Ka ce da ƙarfi ta faɗa.

Allah ya jiƙan Baba, ya bar mana Inna.

Ƙanwarka,
Karimatu