Benci a Ƙofar Kanti

Poumpoumré, Garuwa
8 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata Nasiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Idrisa da yara. Yaya Bogo, yaya zafi? Mu nan rana ta sa mu gaba, ruwan randa ma ɗumi gare shi. Takarda na zaɓa don na san halinki a waya, kafin in kai aya kin katse ni sau uku.

Kin ce in faɗa miki gaskiya game da Inna. Gaskiyar ba daɗi. Wata biyu ke nan da na ɗauko ta bayan ta fita takaba, har yau ba ta sake ba. Loma uku take yi ta ture kwano. In an gaishe ta, kai kawai take ɗagawa. Tun ranar da Baba ya gitta bencinsa a ƙofar kanti ya tafi sallar La'asar bai dawo da ƙafarsa ba, ban ji ta ambace shi ba, ban kuma ga hawayenta ba. Likita ya ce bai ga ciwo ba. Amma zanenta ya fara yi mata yawa, Yaya, kuma ina tsoron mu rasa ta muna kallo.

Ga abin da zai ɗan sa ki murmushi. Mun yi sabuwar maƙwabciya, Madam Geneviève, dattijuwa ce daga kudu, ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa a asibiti. 'Yarta Berthe ta biyo, wadda aka yi wa canjin wurin aiki. Ranar da suka sauke kaya na kai musu tuwon shinkafa da miyar yakuwa da kifin Binuwai, yadda Inna ta koya mana a yi wa baƙo. Washegari kwanona ya dawo da burodi guda ɗaya a ciki, tsawonsa bai fi ƙwayar wake ba. Na ce a raina lallai matar nan ta iya rowa. Sai da na kai shi baki haƙorina ya gaya mini yumɓu ne.

Na tafi kai ƙara, ta yi dariya har da tari, ta ja ni ɗakinta. Yaya, da kin ga abin da na gani! Kanti ne sukutum a cikin kwalin takalmi. Ga kantoci na tsinken ashana, ga buhunan shinkafa da ta ɗinka ta cika da yashi, ga sikeli na marafan kwalba kuma yana rinjaya in an ɗora masa tsakuwa. Kantin gwaggonta ne na ƙauyensu, wanda aka rushe tuntuni, ta sake gina shi daga ka. Hannuwanta manya ne kamar na mai dakan sakwara, amma in ta riƙe hantsaki ko numfashi ba ta yi.

Muka zauna hira da Faransanci har girkina ya kama. Ashe kantin ƙaramin gari duk ɗaya ne, ko a daji ko a Bogo: daga allura har lagwanin fitila, nan ake barin saƙo, nan ake jin wa ya haihu wa ya dawo. Na yi ta ba ta labarin na Baba, sai ta ce in ina so mu gina shi.

Don Allah ki karɓi mabuɗi wurin Idrisa, ki buɗe kwaɗon kantin Baba, ki rubuto mini abin da ke kan kowace kanta. Na ɗauka na haddace, ashe daga kwalbar alawa ba abin da idona ya riƙe.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Khaula

Poumpoumré, Garuwa
27 ga Afrilu

Yaya Nasiha,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan tarin 'yarki Kausar ya sauka. Takardarki ta iso ta hannun direba, na gode ƙwarai. Sai dai zanen da kika yi, mun daɗe muna juya shi ni da Madam kafin mu gane abin da muka ɗauka akuya sikeli ne.

Na roƙi Madam mu riƙa aikin a tsakar gidanmu, ƙarƙashin darbejiya, daidai inda Inna ke shimfiɗa tabarma. Ba ta tambaye ni dalili ba. Kallo ɗaya ta yi wa Inna ta gane, wanda ya daɗe a asibiti ba a yi masa dogon bayani. Kullum da hantsi sai ta shigo da 'yar jakarta, ta durƙusa da ƙyar saboda gwiwa, ta gaishe da Inna da Hausar da na koya mata. Ina kwana take cewa ko da azahar ce. Inna ba ta amsawa, ita kuma ba ta taɓa fasawa ba.

Matar nan ba abin da take yarwa. Ƙwayoyin sukari da alli ta yanka su. Sabulun wanki na gaske ne, ta fere shi da reza. Silifas guda shida ta yi da robar tsohuwar tayar keke, ta rataye su a zare. Rediyon Baba ma yana nan, da eriyarsa ta ƙaramar waya, a lanƙwashe yadda ta gaske take. Ni aikina shafa gam da zubar da abubuwa.

Ranar Talata ina jera kaya, na sa sabulu a kanta ta biyu inda na ga fili. Sai na ji murya a bayana, a dishe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe: "Wace marar kai ce ta ajiye sabulu kusa da sukari?"

Yaya, ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Inna ce tsaye a kanmu. Ta ce sukari yana shan wari, wanda ya saya zai sha shayi da ƙamshin wanki. Ta sa na mayar da sabulu ƙasa, kananzir kuma can bakin ƙofa da mazurarinsa. Na fassara wa Madam, ta dafe ƙirji ta ce gwaggonta ma da wannan dokar ta rayu. Ta miƙa wa Inna hantsakin. Inna kuwa ta karɓa. Ranar ta ci rabin kwano.

Sai dai ban so in sa miki rai da yawa. Jiya Madam ta ce in tambayi Inna ina mai kantin yake zama. Ina faɗa Inna ta ajiye hantsaki ta shige ɗaki, kwanon rana ya dawo yadda aka kai shi. Kayan kanti take taɓawa, mai kantin ba a taɓa mata shi.

Ki taya mu da addu'a.

Taki,
Khaula

Poumpoumré, Garuwa
11 ga Mayu

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, an fara samun ruwa a wajenku. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

An gama kanti ranar Juma'a. Ranar Asabar Madam ta shigo da wani abu a naɗe cikin hankici, fuskarta cike da murna. Ta kwance, sai ga ɗan mutum na itace bai kai yatsa ba, da farar riga da hula, da ɗan ranƙwafawar nan ta kafaɗa. Daga hoton da na taɓa nuna mata ta sassaƙa shi, kwana tara tana yi a ɓoye. Wallahi Baba ne. Ni kuwa ban yi murna ba, don kin san Baba ko 'yartsana ba ya sayarwa a kantinsa, balle a sassaƙa shi a girke a bayan tebur.

Na rasa ta inda zan fara. Na gode mata, na sake gode mata, sannan na yi mata bayanin cewa mu ba ma ajiye siffar mutum, shi ma da yana raye ba zai yarda ba. Na ga abin ya taɓa ta. Amma ba ta yi musu ba, ta naɗe shi a hankali ta mayar jaka, ta ce ita ce ya kamata ta tambaya tun farko. Abin da ya dame ta ɗaya ne, in ji ta, kanti ba mai shi kamar kantin da ya mutu ne, ita kuma ba matacce ta so ta ba mu ba.

Duk wannan Inna na kan tabarma. Ba ta jin Faransanci, amma ta ga abin da aka kwance da abin da aka naɗe. Ta matso ta daɗe tana kallon bayan teburin nan da ba kowa. Sai ta sa yatsu biyu ta ɗauki ɗan bencin da Madam ta jingina da bango, ta gitta shi a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ku bar shi haka. Malam ya tafi salla ne."

Da ƙyar na iya fassarawa. Na gaya wa Madam cewa a Bogo in aka ga bencin nan a gicciye ba mai tsallake shi, ƙofa a buɗe, kaya a fili, mai saye ya zauna a kai ya jira. Ban ƙarasa ba na ji Inna ta ce Allah ya jiƙan Malam, Allah ya sa sallar nan ita ce ta raka shi. Daga nan kukan wata bakwai ya zo. Madam ta riƙe ta da manyan hannuwan nan nata, ba wadda ke jin yaren wata, suka yi ta yi. Ni ma ban tsira ba.

Da la'asar Inna ta ce miyata ba gishiri, ta kuma cinye. Yau da safe ita ta riga Madam gaisuwa.

Ga saƙonta, kuma ta ce kada in rage ko kalma. Bencin gaske, wanda Idrisa ya shigar ciki ranar da ya sa kwaɗo, a ɗaure shi a saman mota a aiko da shi. Kada a wanke, kada a shafa masa fenti. Ta ce baƙuwarmu gwiwarta ba ta son tabarma, kuma bencin na mutum biyu ne.

Ki gaishe da Idrisa da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Khaula